Ranar da Na Auna Malam da Kara

Motar Malam ƙofa biyu gare ta, kuma tun ranar da ya shigo da ita Rano mutane suka sa mata suna marowaciya. Gabanta dogo, bayanta ya zube ƙasa, kujerar baya kuwa sai ka naɗe ƙafa kamar mai zaman tahiya kafin ka samu wuri. Ya saye ta a hannun wani tsohon likita a Kano, lokacin yana malamin gona, ni ina koyarwa a firamare. A cikinta ya koya mini tuƙi a filin makaranta, yana faɗa ina faɗa. Shekara talatin da ɗoriya tana hannunmu, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Malam mijina ne. Ya faɗo daga saman ɗaki yana gyaran kwano gab da damina, ƙashin bayansa ya taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, ko allura ka soka masa. Zama ma ba ya jure shi, da an jingina shi sai numfashinsa ya fara sarƙewa. Motar asibiti ce ta dawo mana da shi a kwance, aka shimfiɗe shi a ɗakinsa, kowa ya ce Allah ya sa kaffara ne, aka watse. Shekara biyu bai ga ƙofar gidansa ba.

Mahaifiyarsa, Inna, tana can rugarsu a bayan Kahu. Ta tsufa tukuf, kuma tun tana da ƙarfinta ba ta shiga mota, amai take yi har ta galabaita. Malam ɗan farinta ne. Duk wanda ya san Fulani ya san abin da hakan yake nufi: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya kira waya aka miƙa mata, sai ta ce a ba wani. Shi yana kwance a Rano, ita tana zaune a Kahu, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, kowannensu yana jiran ranar da za a zo masa da labarin ɗayan. Wannan abin ya ci mini tuwo a ƙwarya, na rantse sai sun ga juna da ransu.

Na kawo shawarar a ɗauko akori-kura a shimfiɗa masa katifa a baya. Ya ce shi ba buhun masara ba ne. Na ce bas fa? Ya ce wace bas ce za ta bi yashin burtalin gidansu? Gaskiya ya faɗa, marowaciya ce kaɗai ta san hanyar nan, kuma ita ce ba ta jijjiga mutum. Sai na ce, to, za a yanke bayanta a mayar da ita wagon, irin mai dogon rufi da ƙofa a baya, ya kwanta a ciki. Ya ce, "A bar mini gabanta yadda yake."

Ƙaninsa, mai shagon taki a Kibiya, shi ya fara tada jijiyar wuya. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya, kullum "matata, matata". Ran nan babu wasa a fuskarsa. Ya ce akwai wani mai tara tsofaffin motoci a Kano da ya daɗe yana bibiyarta, yanke ta ɓarna ce.

"Yaya, ki bar mutumin nan ya huta. Marar lafiya da haƙuri aka san shi."

Na ce, "Haƙurin da yake yi a ɗaki, ai zai iya yin sa a hanya."

Washegari na tuƙa motar da kaina na kai wa wani dattijo mai gyaran bodi a bakin hanyar Kibiya, wanda hannuwansa duk tabon tartsatsin walda ne. Ya zagaya ta sau uku, ya ƙwanƙwasa rufinta da ɗan yatsa, ya sa kunne yana saurare.

"Malama, irin wannan ƙarfen an daina yin sa. Hannuna ba zai iya yanka ta ba."

"To, Alhaji, nuna mini wanda nasa hannun zai iya."

Ya dube ni a kaikaice, ya tambayi dalili. Na gaya masa komai, har da Inna. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce in bar makulli, in je in kawo masa tsawon Malam daga kai har dunduniya, kada in rage ko ɗan yatsa, domin a kan wannan tsawon zai gina komai.

A nan ne na tafka ta'asar da har gobe ake ba da labarinta a unguwarmu. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa yara awo da rula, da na dawo gida sai na zari karan dawa daga cikin tulin da ke bayan madafa, kamar yadda kowa yake yi in zai auna ƙofa ko tabarma. Na shimfiɗa shi a gefen Malam, na karya daidai dunduniyarsa. Yana kallona, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya yi ɗan murmushi. Ban kula ba. Na yafa mayafi na fita da hantsi, riƙe da kara a tsaye, ina sauri, fuskata a ɗaure saboda tunanin aiki.

A wajenmu da kara ake auna mamaci a kai wa masu haƙan kabari. Na san wannan tun ina yarinya, amma ranar ya fita daga kaina fit. Da na zo wucewa ta majalisar ƙofar masallaci, na ga dattawa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, wani yana salati. Na gaishe su na wuce. Ba mace ce ke kai kara maƙabarta ba, amma babu wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin. Sun ga matar majinyaci, sun ga kara mai tsawon majinyaci, sai kowa ya laluba aljihu ya ciro waya.

Kafin in dawo daga gareji, tsakar gidana ta cika da mata, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani ma har ya tafi neman liman. Malam kuwa yana ciki yana ta ƙwala kira a kawo masa ruwa, kuka ya hana a ji shi. Da aka gane, wasu suka yi dariya har da hawaye, wasu suka naɗe tabarmi cikin fushi kamar mun ci musu amana.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Wani mai gaggawa ya riga ya kira Kahu, an gaya wa Inna. Ƙanwar Malam da ke zaune da ita ta ce mini Inna ba ta yi kuka ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta ja asabari. Da aka koma aka ce mata kuskure ne, yana nan da ransa, sai ta ce ta san irin wannan, haka ake lallashin tsofaffi, ita ma ta yi wa wasu. Aka kira waya aka kara mata a kunne yana magana, ta ce ba ta gane muryar ba. Ta daina cin tuwo, ta daina taɓa fura, sai ruwa da ɗan kunu in an matsa mata.

Ƙanin Malam ya zo har tsakar gida ya wanke ni tas. Ya ce na auna yayansa da rai, yanzu kuma ina sassaƙa masa makara mai taya huɗu, in Inna ta mutu ni ce. Ya ce a dakatar da aikin. Kalma ɗaya a cikin maganarsa gaskiya ce, laifina ne, kuma ya yi mini ciwo har cikin ƙashi. Amma na ce masa, "Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Inna ba za ta yarda da bakin kowa ba sai idonta. In kana da wata hanyar kai shi, kawo. In babu, matsa mini."

Daga ranar na tare a gareji. Kullum in na gyara Malam na ba shi abinci, sai in ɗauki kujerata ta roba in je in zauna a ƙarƙashin darbejiyar Alhaji, maza suna wucewa suna kallona, ina kallonsu. Da farko Alhaji ya gicciya ƙarafa a cikin motar ya liƙe su da walda, ya ce in ba haka ba, da an cire rufi bodin zai murɗe, ƙofofi su daina rufuwa. Ya cire gilashin baya lafiya lau ya naɗe a buhu. Ya nemi alli, na kawo masa ragowar na makaranta, ya ja layi a bayan ginshiƙin ƙofa. Da ya ɗora giranda, injin yankan ƙarfe, a kan layin nan, na kau da kai. Ina son motar nan, ban taɓa sanin yawan son ba sai da na ji ƙarar.

Rufi da ƙofar baya ya samo su a wajen 'yan gwangwan a Kano, na wata matacciyar wagon. Rufin ya fi namu faɗi, ya tsaga shi biyu a tsakiya, ya zare siririn yanki, ya sake haɗawa. Waldarsa ɗis-ɗis take, nan ɗaya can ɗaya, yana jira ya huce, don kada zafi ya lanƙwasa kwanon. Ni kuwa kamar in fizge abin in yi da kaina. Da ya cire kujerar baya ya shimfiɗa karan nan a ƙasa, sai karan ya leƙo waje da taƙi ɗaya da rabi. Malam dogo ne, irin na gidansu. Alhaji ya ce ko dai ya lanƙwashe gwiwa, ko a ƙara wa motar tsawo. Na ce ya kwanta a miƙe ya fito a miƙe, a ƙara. Ya ƙara wa shasi ƙarfe, ya sauya sifirin, ya yi wa katako hanya yadda za a zura shi a zaro shi da katifa a kai.

Kullum da yamma ƙanwar Malam tana kirana. Yau Inna ta sha ludayi biyu. Yau ba ta fito ba. Yau ta ce a raba wa jikoki ƙorenta. Da na ji ta ƙoren nan, na je na ce wa Alhaji gobe zan ɗauki mota. Ya ce bai gama goge filar da ya shafe tabon walda da ita ba, balle fenti, ba zai bari aikinsa ya fita titi dabbare-dabbare kamar akuya ba. Na ce ƙofa tana rufuwa? Tana rufuwa. Ruwa yana shiga? Ya watsa bokiti biyu a rufin, ko ɗigo. Na miƙa hannu, ya yi tsaki ya ba ni makulli.

Maƙwabta huɗu suka ɗauko Malam a kan katakon, suka zura shi da kai, ƙafafunsa wajen ƙofar baya. Ƙaninsa ya iso a kan babur, ya tsaya a gaban mota yana tambayar wa zai ɗauki alhaki in wani abu ya faru a hanya. Malam ya ce daga ciki, "Ni. Matsa." Ya matsa, ya biyo mu a baya har Kahu. Na tuƙa a hankali, ina jin Malam yana ƙirga gonakin mutane ta sabon gilashin gefe, yana kushe wanda ya makara da noman fari.

Na juya motar na kawo bayanta daidai ƙofar ɗakin Inna, na ɗaga ƙofar sama. Ƙanwarsa ta riƙo ta suka fito. Inna ta rame har na tsorata. Ta tsaya a bakin motar, ba ta leƙa ciki ba, ni take kallo. Malam ya gaishe ta da Fulatanci, idonsa a kan rufi saboda kunya. Ba ta amsa masa ba. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi mutanen Rano, ta ce wa ya ɓata motar mutane haka. Duk tsawon maganar nan hannunta yana kan ƙafarsa, ta damƙe ta, babban yatsanta yana shafa idon sawunsa. Sannan ta juya ta ce wa 'yarta a dama fura, baƙi sun zo, ita ma a zuba mata.

A hanyar dawowa muka wuce Kibiya. Can Malam ya ce, cikin murya mai sauƙi, "Alhamdu lillahi, ta gan ni. Ko matsowa ba ta yi ba, amma haka take, kin san ta."

Na gangara gefen titi na kashe mota. Na ce, "Malam, tun da ta fito har ta koma, ƙafarka tana hannunta." Na ji numfashinsa ya canza, na bar shi, ban waiwaya ba. Haushin kaina ya kama ni: duk da na ƙara wa mota taƙi ɗaya da rabi, ɓangaren jikinsa da ba ya ji na ajiye wa tsohuwa.

Ran Juma'a da maƙwabta suka zo ɗaukarsa za mu koma Kahu, na ce su juya katakon, ƙafa ciki, kai wajen ƙofa. Suka ce ba haka ake shigar da mutum ba. Na ce haka za a shigar da wannan. Da muka isa na ɗaga ƙofar, Inna ta fito ta tarar da kan ɗanta a gabanta, furfura da komai, babu inda za ta kauce. Ta dube ni ta girgiza kai.

"Ke dai ba ki da kunya."

"Ba ni da ita, Inna."

Ta kau da fuskarta wajen shanu, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa.