Malam Haliru da Sarkin Farisa

Ranar Alhamis da hantsi ina tsaye gaban allo sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Ige ce, matar Malam Haliru. Ba ta taɓa kirana da kanta ba, sai dai Malam ya kira ya miƙa mata mu gaisa. Ta ce, "Garba, Malam ya cika." Na yi salati, na ajiye alli, na fita ko yaran ban sallama ba. A cikin jakata akwai saƙon da ya ba ni tun ranar Litinin, ban kai ba.

Malam Haliru shi ya koya mini tarihi a sakandare, kuma bayan ya yi ritaya ban daina zuwa zaurensa a Gidan Dahala ba. Gidan malamai ne kaka da kakanni. Mutum ne mai tsare gida, kafin ya bari ka taɓa masa littafi sai ya dubi yatsunka ko da maiƙo. Zai cika maka takarda da jan biro har ka ji kamar ka yi kuka, sannan ya tura maka ƙwaryar furarsa ya ce ka sha. Yakan ce mana, "Tarihi ba labarin matattu ba na, halin masu rai na."

Akwai wani sarkin Farisa da ya shige masa rai, wanda ko a manhaja babu shi. Har tsiya muke yi masa cewa ya fi sanin hanyoyin Farisa a kan hanyar kasuwa. Ɗan makiyayi ne, in ji Malam, ya tashi ba shi da komai sai takobi da taurin kai. Ya kori mahara daga ƙasarsa, ya kara da Turkawa, ya hau gadon sarauta, ya kai yaƙi har ƙasar Hindu ya kwaso dukiyar da raƙuma suka yi ta nishi da ita. Daga baya aka harbe shi a wani daji bai mutu ba, ya zargi babban ɗansa, ya sa aka cire masa idanu. Tun daga nan bai ƙara yarda da kowa ba, har dakarunsa suka kashe shi a cikin tantinsa.

Muna ɗalibai, yaƙe-yaƙen yake ja, batun ɗan kuwa ya wuce shi da sauri. A shekarun baya-bayan nan sai abin ya juya, kuma na san dalili. Shekara goma sha ɗaya ke nan wani littafi ya ɓace daga zaurensa, rubutun hannun kakansa, a cikin jar gafaka. A makon da littafin ya ɓace, ɗansa Mu'azu ya kawo wani mai sayen tsofaffin littattafai ya ga gida. Malam bai tsaya bincike ba. A gaban mutane ya ce Mu'azu ya sayar da kakansa, kada ya ƙara taka masa zaure. Mu'azu ya rantse har ya gaji, ya kwashe iyalinsa ya koma Kalambaina.

Daga nan zauren ya fara yin shiru. Abokan Malam suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai kowa ya kama gabansa. Nakan iske shi bayan la'asar shi kaɗai a kan buzu, ƙwarya a rufe, ludayi biyu a gefe ko da wani zai shigo. Sau da yawa ni kaɗai ne wanin. Ina tausayinsa, kuma ina jin haushinsa, don sau uku na yi masa maganar Mu'azu yana kawar da kai.

A watan jiya littafin ya dawo. Magadan marigayi Malam Ladan na Dundaye ne suka kawo, sun tsince shi wajen rabon littattafan mahaifinsu, suka ga sunan gidan su Malam Haliru a jiki. Aro tsakanin malamai ba a rubutawa, kunya ce ka rubuta wa ɗan'uwanka. Ashe Malam da hannunsa ya ba da aron, ya manta.

Ranar Litinin ya sake ba ni labarin sarkin nan daga farko, kamar ban taɓa ji ba. Da ya zo kan idanun sai ya ce, "Garba, ka san abin da yac ci sarkin ga? Ya gane ya yi kuskure, amma girma ya hana shi hwaɗi." Ya jawo gafakar ya ɗora mini a cinya. "Ka kai ma Mu'azu wanga. Kak ka ce mishi komi, shi ya san mi nika nuhi." Na ce masa makon jarrabawa ne, ya bari sai Juma'a in an sauko masallaci. Ya ce Allah shi kai mu.

Kalambaina ba ta kai tafiyar rabin awa a babur ba. Wannan ni na san da shi, kuma zan daɗe ina jin ciwonsa.

Mu'azu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe. Ranar sadakar uku na ja shi gefe na miƙa masa gafakar, na faɗa masa komai, har da ranar da aka ba ni. Ya daɗe yana shafa fatar bai buɗe ba. Ya ce, "Da ko ba littahin, Malam Garba. Da cewa kawai yay yi in zo, da ƙasa zan tako." Sannan ya cire takalmi ya shiga zauren, ya zauna kusa da buzun.

Allah Ya jiƙan Malam Haliru, Ya yafe masa gaggawarsa, Ya karɓi nadamarsa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya Ige haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Mu'azu, Ya raya zauren nan da 'ya'yansa. Ni kuma da na riƙe saƙo kwana uku, ina roƙon Allah Ya yafe mini. Amin.