Bahon da Nake Hawa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina narka roba a wata ƙaramar masana'anta bayan kasuwar katako ta Dei-Dei. Baho muke yi da bokiti. A aji biyu na bar sakandare, amma in ka miƙo min guntun roba in ciza, in ƙona gefensa in shinshina, zan gaya maka ko jarka ce ko tsohuwar kujera.

Injiniyanmu, wani dattijo Bazazzagi mai yawan tari, shi ya koya min cewa roba ba jinsi ɗaya ba ce. Ta jarka da ta kujera, in ka narka su tare sai ka rantse sun haɗu. Ƙarya ne. Suna hucewa kowace ta kama gabanta, baho na faɗuwa ya tsage. Sai an zuba wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa, masu riƙe wannan su riƙe waccan. Sunansu na Turanci bai taɓa zama a bakina ba. Mu "mai sulhu" muke ce musu.

Kowane zubi, bahon farko ni ake kife wa, in hau in yi tsalle uku. Dattijon ya tsaya yana dariya: "Ƙara, ƙato! Ko ba ka karya ba ne?"

Da ya rasu, ɗan mai masana'antar ya karɓi wurin. Ya ce ƙwayoyin sun yi tsada, a daina zubawa.

Na ce, "Oga, wallahi fashewa zai yi."

Ya ce, "Kai wa ya ba ka digiri?"

Ranar da dillalai suka zo daga Kano, ya gargaɗe ni kada in hau. Sai wani tsohon dillali da ya san al'adarmu ya ce, "Malam, ina tsallen namu?" Na dubi oga, ya harare ni. Na hau. Ko tsallen ban yi ba ƙafata ta zurma har ƙwauri. Kafin la'asar an sallame ni.

Yanzu gadi nake a Jabi. Ban yi nadama ba, kewa ce dai ta ƙi sakina. Har warin nan da matata ke kora ta wanka saboda shi nake kewa, da tarin dattijon a bayan inji.

A gidanmu na Kurudu akwai shuɗin baho ɗaya, zubin hannunsa. Rana ta koɗar da shi. Matata ta hana ni hawa, wai girma ya kama ni. In ta tafi kasuwa nakan kife shi a tsakar gida, in cire takalmi, in hau. Har yau yana ɗauka ta.