Humrata da Zuman Tsohuwar Kuka

'Yan uwa, yau na kulle kaina a mota na bar Bello, wanda zan aura, a waje, ƙudan zuma suna cinsa.

Gobe ne Bello zai je gaishe da baffannina a Minanata. Na ce yau ya kai ni gandun dajin nan na bayan gari, Yaya Hadiza ta raka mu. Na shafa humra har cikin gashi, don a littattafai ƙamshi ke sa namiji ya rasa bakin magana.

Mun ga barewa, mun ga birai. Mai gadin dajin ya nuna mana wata tsohuwar kuka, ya ce nan maharba ke hutawa tun kafin a killace dajin. Sai ya ja hanci ya ce, "Hajiya, da wanga ƙamshi kar ki matsa, akwai zuma cikin kogon."

Ban saurare shi ba. Na sa Bello ya biyo ni gindinta, na lumshe ido na ce, "Ko mutuwa ta zo, tare za ta same mu."

Sai na ji wuuu.

Ban san na iya gudu haka ba. Makullin motar na jakata. Ni da Yaya muka faɗa ciki, na kulle. Bello na dukan gilashi, "Rabi, buɗe!" Na ce, "Za su shigo!"

Da hayaƙi mai gadin ya kore su. Idon Bello ɗaya ya rufe, leɓensa ya ninka biyu.

Na roƙe shi ya ɗage zuwa gaishe da baffannina. Ya ce, "Zan je. Amma in Baffa ya tambayi abin da ya sami fuskata, ke za a kira ki yi bayani."