Isyaku Baduku da Gugan Roba

Shekara bakwai ke nan da muka raka Isyaku Baduku makwancinsa a Tanout. Ni ba marubuci ba ne, dillalin tsofaffin tayoyi ne a bakin tasha. Amma akwai abin da nake so mutanen Damargu su sani game da shi tun mu da muka gani da ido ba mu ƙare ba.

Tare muka taso, unguwa ɗaya. Shi ya gaji ɗinkin fata wajen ubansa, takalma da kube da gugan rijiya. Ni ban gaji komai ba. Da ƙafata na riƙa bin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya masu hawa Agadas daga Zinder, ina sayen tayar da ta gaji, ina sayar wa masu yankan takalmi. Robar ciki kuwa, in ta sha faci har ta ƙi riƙe iska, bayan rumfa nake jefa ta.

Da babban fari ya zo a farkon shekarun saba'in, makiyaya suka sauko gefen gari, ba shanu, sai sanda. Mutanen da a da sai ka roƙe su kafin su sayar maka da maraƙi, ga su a layi da ƙwarya suna jiran dawar taimako. Fata ta yi yawa amma ba ta da amfani, don fatar dabbar da yunwa ta kashe ba ta jure ja. Rijiyoyi kuma sun ƙara zurfi, guga na mutuwa da wuri. Wata rana Isyaku ya zagaya bayan rumfata, ya ɗauki roba ɗaya, ya yanka, ya ɗinke ta da basilla, ya sa mata baki. Muka kai rijiya. Ba ta ruɓewa, ba ta son shafin mai, kare ba ya cin ta. Kafin kasuwa ta sake zagayowa, masu nema sun fi ƙarfin hannunsa.

Na ce ya kira 'yan'uwansa dukawa su taya shi. Ya ce dukawa na da tuwon dare. Sansanin makiyaya ya nufa, ya tsaya kan wani Bafulatani mai suna Jodi, wanda garkensa ya ƙare kaf, ga mata ga 'ya'ya biyu. Jodi ya ji bayani, ya kau da kai.

"Ubana bai taɓa ɗinka fata ba, kakana ma haka. In mutu da yunwa ya fi."

Uwar Isyaku Babarbariya ce, don haka yana da bakin yi wa Bafulatani wasa. Ya ce, "Kai bawana, wa ya ce maka fata? Duba da kyau. Wannan saniya ce? Roba ce, mota ta haife ta. Kakanka bai gan ta ba, nawa ma bai gan ta ba. Ba ta da dangi, duk wanda ya riga kamawa tasa ce."

Jodi ya juya robar, ya shinshina, ya ce, "Wari kamar Babarbare." Washegari ya zo rumfar Isyaku.

Wannan maganar ce ta buɗe ƙofa. Wasu suka biyo Jodi, har da Buzaye, waɗanda su ma aikin hannu a wurinsu na maƙera ne. Ni nake kawo roba, ni nake ɗaukar guga zuwa kasuwannin Ollelewa da Tenhya da Belbeji. Isyaku na koyarwa, yana duba ɗinki, wanda ya yi yoyo ya mayar wa mai shi. Ba sadaka ba ce, kowa abin da hannunsa ya yi shi yake ci, mu ma muna cin namu. Sharaɗi ɗaya ya kafa: wani kaso na ladan mutum ba ya shiga aljihu, akuya ake saya masa, a ɗaure a gidan Isyaku. Matarsa ta sha yin ƙorafi, ta ce an mayar mata da tsakar gida turke.

A kan Jodi muka yi saɓani mafi girma. Hannunsa ya fi na kowa, gugansa makiyaya ke tambaya da suna. Da ruwa ya dawo, ciyawa ta tsiro, awakinsa suka hayayyafa, Isyaku ya kwance su, ya haɗa masa da basilla da wuƙa, ya ce ya koma daji. Na fusata. Na ce ɗan kasuwa ba ya sakin gwanin ma'aikaci, balle ya ba shi kayan aiki ya je ya zama kishiyar sana'arsa. Isyaku ya ce, "Sarkin riba, kai ka lissafa guga, ni ina lissafa wanda ya fita ya tsaya da ƙafarsa. Akwai wani a layi yana jiran tabarmarsa." Har yau ina ganin a hanyar ciniki ni ke da gaskiya. Kasuwar Tenhya ta kuɓuce mana bayan tafiyar Jodi, ba ta dawo ba.

Isyaku bai ga fari na biyu ba, wanda ya same mu 'yan shekarun nan. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga motocin furoje, na ƙungiyoyin agaji, suna kai da komo. Ba zai zage su ba, don hatsinsu ya ceci rai, ni shaida ne. Amma na san zai tsaya bakin layi ya tambayi mai rabo abin da mutumin nan zai riƙe a hannu ranar da mota ta juya. Zai kuma yi dariya in ya ga yau kowane yaro mai wuƙa na yankan roba, har da waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. Ban ce shi ya fara a duniya ba. A nan dai wajensa na fara gani, kuma abin da nake zubarwa shi ya zama rabin arzikina. Wannan godiya ban yi masa ita sosai ba yana raye, don kullum muna cikin gardama.

Da makiyaya suka sake saukowa, na riƙa zuwa wajen rabon hatsi ina duba fuskoki. Tsoro nake in ga Jodi da ƙwarya, don in na gan shi, duk abin da Isyaku ya gina ya rushe ke nan. Ban gan shi ba. Sai can bayan watanni ya ɓullo a kan jaki, ya rame, gemu ya yi fari. Dabbobin sun sake tafiya, 'yan kaɗan suka tsira. Amma duk tsawon farin yana zaune bakin wata rijiya kusa da Tenhya, yana ɗinka guga yana gyaran na mutane, iyalinsa ba su kwana da yunwa ba. Roba ce ta ƙare masa, shi ya kawo shi wurina.

Zuciyata ta ce in ba shi kyauta. Na tuna Isyaku, da bai sa sadaka a wannan sana'a ba, na fasa. Jodi ya ɗaga robar, ya ja ta, ya ce, "Kaɗo, wannan ta girme ni. Rage." Ya taya, na ce albarka, ya tashi kamar zai tafi, na kira shi. Sai da ya sa na yi gumi kafin muka daidaita.

Rumfar Isyaku yanzu wani mai shayi ne a ciki, sunan Isyaku kuwa ba ya kan allon kowane furoje. Abin da ya bari shi ne mutumin da fari ya kayar sau biyu, ya zo wurina a matsayin mai saye, ya kuma cuce ni a ciniki. Allah Ya jiƙan Isyaku, Ya sa ya huta. Jodi ya ɗaure robarsa a jaki, ya ce in ajiye masa mai kauri, bayan damina zai dawo da babban ɗansa ya koyi zaɓen roba.