Yadda Malama Hanna Ta Koma Durun

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da kwanon gero ya fara gagarar ma'aikaci, Hanna ta zo Gwarzo daga Zonkwa tare da mijinta Gregory. Dukansu malaman firamare ne. Suka kama ɗaki biyu a bayan tasha, suka haifi 'ya ɗaya, Linda. A coci kuwa Hanna ta zama uwar Zumuntar Mata. Ita ke ɗauko waƙa, ita ke kaɗa tulu, kuma ko ta makara ba mai zama a gurbinta na gaba.

Shekara goma sha uku ana haka, sai ciwon hanta ya ɗauke Gregory cikin wata biyu. Aka kai shi gida aka binne, ta dawo ta ci gaba da koyarwa. Ba ta yi kuka ba. Mata suka riƙa yaba bangaskiyarta, ita kuwa ta san ba bangaskiya ba ce. Takan durƙusa ta yi addu'a, ta tashi kamar wadda ta gama kiran sunayen 'yan aji. Waƙa na fita daga bakinta daidai, amma ba ta jin ɗanɗanonta.

Ana cikin haka maganar Shari'a ta taso, aka yi rikici a Kaduna, mutanen coci suka fara ɗaure kaya. Kowace Lahadi sai an ga wani bencin ba kowa. Ƙanenta Goodluck ya zo ɗaukarta.

"Yaya, an gyara miki ɗaki," in ji shi. "Coci na ƙofar gida, kowa naki ne. Me kike jira a nan?"

Ta ba shi Linda ya tafi da ita, ta ce ita sai an yi hutu. Ba tsoro take ji ba, ba kuma ƙarfin hali ba ne. Zama da tafiya duk ɗaya ne a wurinta.

Wata Lahadi wani Musulmi mai suna Sajo, manomi kuma mai 'yan shanu daga Durun ta ƙasar Kabo, ya tsaya a gindin bishiya har aka tashi sujada. Bayan doguwar gaisuwa ya ce wa fasto: "Gwaggona ce, Yelwa. Tun tana budurwa ta auri ɗan addininku a Jos, ta bi shi. Ya rasu, ba ta haihu ba, muka ɗauko ta. Yanzu ido ya mutu. Tana da littafinku a ƙarƙashin matashi, kullum sai ta ce a karanta mata. Mu ba za mu iya ba, kuma ba ma son mu danne mata hakki."

Fasto ya faɗa wa jama'a. Kowa ya sunkuyar da kai, don a lokacin ba mai marmarin shiga ƙauye. Hanna ta ga hannunta a sama, ta dube shi kamar na wata.

Ran Asabar ta hau motar kasuwa, ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar da tsohuwar kan tabarma a inuwar rumbu. Ta gyara murya za ta fara da waƙa.

"Ajiye waƙar, 'yata," in ji Gwaggo Yelwa. "Buɗe mini Zabura."

Ta karanta. Ta dawo wani makon, da na bayansa. A zuwa na biyar ta tsaya a tsakiyar aya.

"Gwaggo, ni fa ba na jin komai a abin da nake karantawa. Tun rasuwar maigidana."

"Ni ma shekarata tara ba na ganin komai. Ci gaba daga inda kika tsaya."

Da aka yi hutu Hanna ba ta tafi Zonkwa ba. Ta nemi a mayar da ita firamaren da ke kusa da Durun, ta miƙa tulun ga wata. Sajo ya ba ta ɗaki kusa da na Gwaggo. Ba lantarki, ba coci, ba mai kiranta uwa. Da farko Zinnira matar Sajo ta ware mata kwano dabam. Wasu maza suka yi wa Sajo magana a kasuwa, ya ce, "Baƙuwar Gwaggo ce," bai ƙara ba.

Da ƙafafun tsohuwar suka daina ɗaukarta, Hanna ce ke yi mata wanka, ta sauya shimfiɗa, Zinnira na riƙe mata kafaɗa. Addu'ar Hanna ta gajarce, ta koma kalma uku ko huɗu, ba mai jinta. Amma ta lura ta daina tsallake rana.

A daminar shekara ta uku Gwaggo ta rasu. Sajo da ƙannensa suka haƙa kabari a gefen gona, suka ja baya suka tsaya. Fasto ya zo a kan babur, Hanna ta yi karatun, sannan mazan suka dawo suka rufe.

Ta ƙara shekara shida a Durun kafin ta yi ritaya ta koma wurin Linda. In an tambaye ta ko ta sami abin da ta je nema, takan ce ba nema ta je ba, kira aka yi. Duk kaka Sajo kan aiko mata da dawa da man shanu ta hannun wani direba. Wata shekara direban ya zo da dawar kaɗai, ya ce Zinnira ce ta aiko, Malam Sajo ya rasu tun azumi. Hanna ta yi masa gaisuwa, ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi ranar da zai koma Durun, don ta bi shi.