Verlene da Kalma Saba'in da Biyar

Shekara talatin da ɗaya Verlene Raulerson ta yi a ofishin akawun Gundumar Sabal, a tsakiyar Florida, kan tebur ɗaya, gindin taga ɗaya. Aikinta shi ne rubuta abin da gunduma za ta faɗa wa jama'a: sanarwar taro, allon da ake kafawa a bakin fili, da tambayar da ake bugawa a takardar ƙuri'a duk lokacin da kansiloli ke neman yardar mutane. Ba aiki ba ne da ake tafa wa mutum a kansa. Ni dai ban taɓa jin wanda ya fito daga rumfar zaɓe yana tambayar wa ya rubuta ba, sai in zagi zai yi.

Doka ta ce kada tambayar ta wuce kalma saba'in da biyar. Lauyoyinmu sun mai da wannan doka buhu, su yi ta dannawa har sai bakin ya ƙi ɗauruwa. Verlene ta tsani wannan hali tun tana 'yar shekara sha huɗu, lokacin da uwarta ta jefa ƙuri'ar amincewa da wata doguwar tambaya kan "sake fasalin makarantu", tana zaton gyara za a yi, ashe rufe makarantar ƙauyensu ta sa wa hannu. Matar ba ta sake taka rumfar zaɓe ba har ta koma ga Allah.

Shi ya sa Verlene take da tata hanyar. Idan ta gama rubuta tambaya, sai ta ninke takardar ta nufi shagon wankin Goggo Odessa ranar Alhamis da la'asar, lokacin da injuna ke ruri, mata na ninke kaya, kowa ƙafarsa na ciwo. Ta tsayar da mutum uku ɗaya bayan ɗaya, ta karanta wa kowa sau ɗaya tak, a tsaye, don a cewarta haka ake karatu a rumfar zaɓe, a gajiye, ga layi a bayan mutum. Sannan ta ce, "In kin ce eh, me zai faru?" Idan amsar ukun ta zo ɗaya, kuma ita ce gaskiyar magana, aiki ya kammala. In ba haka ba, ta koma tebur. A ofis dariya suke mata, wai ta kai takarda kotun ƙoli.

Bara ne Asusun Kare Filaye ya zo mata da abin da ya hana ta sukuni. Shekara ashirin da suka wuce mutanen gunduma suka yarda a riƙa karɓar ɗan haraji a kan kowane gida, ana sayen fadamu da dazuzzuka kafin masu gine-gine su haɗiye su. Wa'adin harajin zai ƙare a Disamba. Sai kansiloli suka kawo gyara biyu: a ƙara wa harajin wasu shekaru ashirin, a kuma ba asusun damar biyan makiyaya don su yi alkawarin ba za a taɓa gini a gonakinsu ba, su ci gaba da kiwonsu.

Gonar farko a layi kuwa ta uban Verlene ce, eka ɗari shida, inda aka haife ta, inda har lokacin take zuwa kowace Lahadi ta zauna ƙarƙashin tsofaffin itatuwa tana kallon gauraka a bakin fadama. Yayanta Doyle ne ya gaje ta. Shekararsa sittin da takwas, gwiwoyi sun tafi, 'ya'yansa duk suna birni ba mai son jin warin saniya, ga wani kamfanin gidaje ya shekara biyu yana masa sintiri.

"In ƙuri'ar nan ta wuce, na tsaya," ya ce mata. "In ta faɗi, zan sa musu hannu. Na gaji, Verlene. Ba na iya tsallake ko kwalbati."

Lauya Crews, lauyan gunduma, shi ya fara aiko da tasa tambayar, kalma saba'in da huɗu. Akwai ruwa mai tsabta a ciki, da tsuntsaye, da jikoki masu zuwa, sannan a ƙarshe aka ce duk za a yi wannan ba tare da ƙarin ko kwabo a kan abin da ake biya yanzu ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da babu shi ne cewa harajin dama mutuwa zai yi, kuma tayar da shi ake nema.

Ta kai ta shagon wanki. Mace ta farko ta ce za a kare fadama kyauta. Wani direban babbar mota ya ce gwamnatin jiha ce za ta biya. Goggo Odessa ta saurara tana goge hannu da tsumma.

"To madalla, tunda ba daga aljihuna ba ne. Ai ni ma ina son tsuntsu in ba ni zan ciyar da shi ba," ta ce. Sai ta dubi fuskar Verlene. "Ke, me ya faru? Na faɗi jarrabawar ne?"

"A'a, Goggo. Takardar ce ta faɗi."

Amma ta san a rumfar zaɓe ba za ta faɗi ba. Da wannan rubutu, ƙuri'a za ta wuce a guje, gonar ubanta ta tsira. Kwana tara takardar na kan teburinta ba ta taɓa ta ba. Ba jarumtaka ta yi a kwanakin nan ba, kada wani ya yi mata ƙarya. So ta yi ta bar rubutun lauyan ya wuce, ta yi ta neman hujjar da za ta ba kanta, ta rasa wadda za ta iya maimaitawa a gaban madubi. Rana ta goma ta jawo farar takarda ta rubuta:

"Harajin kare filaye zai ƙare a Disamba. Kun yarda a ci gaba da karɓarsa har shekara ashirin, a yadda yake yanzu, a riƙa sayen fadamu da dazuzzuka, a kuma biya makiyaya don kada a taɓa yin gini a gonakinsu?"

Mutum uku a shagon wanki, amsa ɗaya. Biyu a cikinsu sun ɓata fuska kafin su amsa.

Lauya Crews ya karanta ya cire tabarau.

"Malama Verlene, kin sa haraji a kalmar farko. Wa ke fara gaisuwa da mari?"

"Shi ake tambayarsu a kai, ranka ya daɗe."

"Nawa rubutun ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne. Sai dai mutum uku na karanta wa, ba wanda ya san zai biya."

"Masu wanki." Ya yi 'yar dariya, sannan ya sassauta murya. "Ke fa kin fi kowa sanin gonar wa ke kan layi. Ni taimakonki nake yi."

Wannan magana ta yi mata zafi, don ta san da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Ta ce za ta kai wa kansiloli rubutun biyu su zaɓa da kansu, tare da amsar da masu wanki suka ba kowanne. Haka aka yi a zaman majalisa, ƙofa a buɗe, 'yar jarida na zaune a layin gaba da biro a hannu. A irin wannan zama babu kansilan da zai ɗaga hannu ya ce ya fi son wanda ba a ganewa. Suka zaɓi nata, suna harararta.

Lahadin da ta biyo baya ta tarar da Doyle a bayan motarsa yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ya miƙo mata ledar ba tare da ya dube ta ba.

"An ce ke kika gyara musu."

"Ni ce, Yaya."

"Wancan da lauya ya rubuta, da zai ci?"

"Da zai ci."

Ya daɗe yana tauna. "Tun kina ƙarama haka kike. Baba ya ce ki gaya wa mai sayen shanu ba ya nan, ki je ki ce yana bayan gida ya ce a ce ba ya nan."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi fitowa.

A Nuwamba aka yi zaɓe. Tambayar ta faɗi da tazarar ƙuri'a hamsin da takwas. Ba wanda ya ce bai gane ba, ba wanda ya kai ƙara, kuma ba wanda ya zo ya ce mata sannu. Wasu da suka ƙi sun ce suna son fadama, amma kuɗin inshorar gida ya riga ya sha musu jini, kuma ban ga laifinsu ba. Doyle ya sa wa kamfani hannu kafin Kirsimeti, kamar yadda ya faɗa.

A Fabrairu takardar kamfanin ta iso teburinta, don doka ta ce sai an kafa allon sanarwa a bakin fili kafin kansiloli su zauna a kansa. Lauyansu ya cika shafi da lambobin sassan doka da "sauya matsayin amfani da ƙasa". Verlene ta karanta, ta ji gajiyar shekara talatin da ɗaya ta sauko mata a wuya gaba ɗaya. Ta soke duka, ta rubuta layi biyu: "Ana neman izinin sare itatuwan wannan gona a gina gidaje ɗari huɗu da sha biyu. Zama ranar sha tara ga Maris, ƙarfe biyu."

Ba ta bari ma'aikata su kai allon ba. Ta saka shi a bayan motarta ta tuƙa zuwa ƙofar gonar. Doyle ya ɗingiso daga cikin gida, ya tsaya ya karanta, leɓensa na motsi.

"Ɗari huɗu da sha biyu," ya ce. "Ni ba su taɓa gaya mini yawansu ba."

"Yana cikin takardar da ka sa wa hannu, Yaya. Shafi na talatin."

Doyle ya karɓi sandar allon ya dafe ta a ƙasa da hannu biyu, ya kau da kai wajen fadama, ita kuma ta ɗaga guduma.