Gambar da Aka Tuge a Zurgu

Munzali birkila ne, amma a Zurgu an fi saninsa da toka. Tun yana saurayi shi ke bi gida-gida da tsohon buhu yana kwasar tokar murhu, ya zana layin filin ƙwallo na bayan firamare. Raga babu, sai itacen darbejiya biyu da igiya a sama. Nan 'yan Rurum Sabon Gari ke zuwa a kan kekuna, a lallasa su, su koma suna cewa layin Munzali ne ya karkace. Yau wurin duk shaguna ne. Wasu ma shi ya gina su da hannunsa, don akwai iyali.

Da gwiwa ta fara damunsa, sai ya ƙudura ba zai bar gini ba sai ya kafa wa garin sabon fili. Malam Isyaku, tsohon golansu, ya ba da gefen gonarsa da sharaɗi guda: in ruwa ya sauka ba a kafa ƙarafan raga ba, zai shuka abinsa.

A ofishin filaye na Rano aka ce masa ba a zuba siminti sai da izini, izini kuma sai mai awo ya je ya gani. Yau mai awo yana Kano, gobe ya tafi ta'aziyya, jibi mota ba mai. Munzali ya yi ta zarya zuwa Rano a babur har mai shayin bakin ƙofa ya raɗa masa suna Ciyaman. Shi kuwa bai iya zaman jira ba. Ya kira gayya, aka rushe suri, aka cire kututture, aka tuge duk wata ciyawa, fili ya yi fes.

Ranar da mai awo ya iso, ya ce a nuna masa iyaka. Isyaku ya ɗaga hannu zai nuna, hannun ya tsaya a sama. Layin gambar da kakansa ya dasa tsakaninsu da gonar Hajiya Asibi, babu ko tushe.

"Munzali, ina gambata?"

"Haba Gola, ka taɓa ganin ana ƙwallo a kan gamba?"

"Kai ka taɓa ganin gona ba iyaka?"

Hajiya Asibi ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce gonar gado ce, ba za ta nuna ko taki ɗaya ba sai 'ya'yanta sun dawo daga kudu. Mai awo ya naɗe igiyarsa, ya ce in an daidaita a gaban dagaci a sake nemansa.

Ruwa ya riga 'ya'yan isowa. Isyaku ya shuka dawa, kamar yadda ya faɗa. Munzali bai roƙe shi ba, shi ne ma ya sara masa ramukan shuka, Isyaku na biye yana cewa kada ya karkatar masa da layi kamar yadda 'yan Rurum ke faɗa.

Ƙarafan raga na jingine a zauren Munzali, sun fara tsatsa. Har yanzu bai yarda matarsa Murja ta zubar da toka ba. Da ta gaji ta tambaye shi amfaninta, sai ya ce in an yanke dawa an kwashe kara, bai ga ofishin da zai hana yara gudu a gonar Isyaku ba.